Sola, iskar gas ko buntun shinkafa: ina mai masana'anta a Kano zai fara sa kuɗinsa?

Kwanakin baya wani Alhaji mai kamfanin sabulu a Sharaɗa ya aika a kira ni. Na tarar da takardu uku a kan teburinsa. Ɗaya ta masu sayar da sola ce, ɗaya ta masu juya inji ya koma shan iskar gas, ta ukun kuma ta wani mai shigo da tukunyar tururi da ke cin buntun shinkafa. Kowaccensu ta yi alkawari iri ɗaya a shafin farko: kuɗin mai zai ragu, hayaƙin da ke ɗumama duniya ma zai ragu. Ya turo mini su gabana ya ce, "Injiniya, kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in zaga ciki tukuna."

Bari in gyara wata kalma kafin a samu ruɗani. Mu a Kano in an ce "gas", direban tirela da mai injin niƙa dizal suke nufi. A nan duk inda na ce dizal, wannan man nake nufi. Inda na ce iskar gas kuwa, wadda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa ce, a turo ta bututu ko a matso ta cikin manyan tukwane.

Idan ana maganar hayaƙin masana'antun sinadarai a duniya, manyan kifaye ake nufi. Hukumar makamashi ta duniya da ke Paris ta ce a cikin masana'antu babu ɓangaren da ya kai na sinadarai shan makamashi, kuma wajen fitar da iskar kabon shi ne na uku, bayan ƙarfe da siminti. Kaso mai tsoka na fitowa ne daga haɗa amoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya: kowane tan ɗaya na amoniya yana tafe da kusan tan biyu na kabon. Irin wannan aiki a Najeriya sai ka je kamfanin takin Dangote a Lekki, wanda aka buɗe a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ko Indorama a Eleme. Su ne ke da dalilin tattauna kama kabon a binne a ƙasa, ko samar da haidurojin daga ruwa da wutar rana. Mu a Sharaɗa da Chalawa da Bompai da Tokarawa ba mu ƙera sinadarin tun daga tushe. Dafawa muke yi, da narkarwa, da gaurayawa: sabulu, fenti, roba, katifa, maganin sauro, jima, haɗa takin zamani. Don haka hayaƙinmu ta baki biyu yake fita, salansar janareta da bututun tukunyar tururi. Wanda bai san wane bakin ne ya fi ci masa kuɗi ba, duk takardar da ya sa wa hannu caca ya yi.

Lissafin kansa ba wuya. Lita ɗaya ta dizal in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon, kuma janareta mai lafiya yana ba ka abin da bai wuce yunit 3 zuwa 3.5 na wuta daga gare ta ba. Kamfanin da ke shan lita 1,000 a rana, ya yi aikin kwana 300, ya tura wa sama kusan tan 800 a shekara. Hayaƙin nan kuɗi ne da aka biya a gidan mai, shi ya sa ban cika wahalar da kaina wajen yi wa mai kamfani wa'azin sauyin yanayi ba. Akawunsa ya riga ni. Amma doka ma tana tafe. A taron Glasgow na 2021 Shugaba Buhari ya ɗaukar wa ƙasar alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take janyewa daga iska zuwa 2060, kuma dokar sauyin yanayi da ya sa wa hannu a watan Nuwamban shekarar ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama nauyin ɗaukar matakan rage nasu. Tarayyar Turai kuma ta kafa harajin kabon a kan iyakarta, wanda ya shafi takin zamani, siminti, ƙarfe da alminiyum. Bai taɓa sabulu ko bokitin roba ba tukuna, amma an ga inda iska ke kaɗawa.

Da muka shiga ɗakin tukunyar Alhaji, ban kai ga duba komai ba zufa ta jiƙa mini riga. Bututun da ke ɗaukar tururi zuwa tukwanen dafa sabulu tsirara yake, audugar gilashin da aka naɗe shi da ita ta zazzage tun ba yau ba, sai 'yan tsummoki ke reto. Wani yaro ya shanya rigarsa a kai tana bushewa. Can ƙasa wani bawul yana ta huci kamar kububuwa, na tambayi mai kula da wurin tun yaushe, ya ce, "Oga, ai haka na same shi." Ruwan zafin da tururi ke komawa bayan ya gama aiki kuwa, kwata ake sakar masa, sannan a ɗebo ruwan rijiyar burtsatse mai sanyi a sake dafawa daga farko. Na ce wa Alhaji ya ajiye takardun nan uku na wata biyu, don sayen sabon makamashi a wannan hali ɗiban ruwa ne da kwando.

Toshe irin wannan ɓarna shi ne zaɓi na huɗu da babu mai kawo maka takardarsa, saboda ba a samun kamasho mai kauri a kansa. Duk digiri 6 da ka ƙara wa zafin ruwan da ke shiga tukunya yana rage maka kusan kashi 1 cikin 100 na mai, to ka auna ruwan da ya dawo da zafin digiri 80 da wanda aka ɗebo a digiri 25 ko 30. Iskar kwamfiresa da ke zurarewa ta mahaɗar tiyo kan kai kashi 20 zuwa 30 a kamfanin da ba a kula. Ka zo ranar da ba aiki, ka kunna kwamfiresa ka yi shiru, kunnenka zai nuna maka wuraren. Famfo ko fanka da aka rage wa gudu da kashi 20 ta hanyar na'urar daidaita gudun moto, wutar da yake ja kan faɗo kusan rabi. Ga kuma babban janareta da ake kunnawa da dare don fitilu da ɗakin mai gadi kawai, yana ta shan mai yana tara baƙin danƙo a salansa. Duk waɗannan aikin makonni ne, kuɗinsu kuma kan dawo kafin shekara ta zagayo.

To, bayan an toshe kwandon, sai a zo kan takardun.

Sola ita ce mafi tsabta a cikin ukun, babu gardama. Da zarar an kafa ta ba ta fitar da komai, kuma Kano na cikin wuraren da rana ta fi yi wa alheri a ƙasar nan: kilowat ɗaya na faranti yakan ba da wajen yunit 4.5 a rana in an haɗa rani da damina. Ba sabon abu ba ne a garin. Akwai tashar megawat 10 a Kumbotso, kusa da masana'antun Chalawa, da aka buɗe a watan Janairun 2023, Jami'ar Bayero na da tata tun 2019, 'yan kasuwar Sabon Gari ma sun ɗanɗana. Koma kan kamfanin nan mai shan lita 1,000. Idan ya shimfiɗa kilowat 250 a rufinsa, abin da zai ci fili kamar murabba'in mita 1,400, zai samu fiye da yunit 1,000 a rana, kwatankwacin kashi ɗaya cikin uku na abin da janaretansa ke bayarwa.

Sai dai rana ba ta san aikin dare ba. Ƙarfinta na gaske tsakanin ƙarfe tara na safe ne zuwa la'asar, kuma kamfanin roba da injinansa ke juyawa dare da rana ba zai iya cewa a dakata sai gari ya waye ba, don robar da ta daskare a cikin inji ita kanta asara ce. Mai sayarwa zai ce a ƙara batir. Ni a ganina batir a masana'anta na riƙe wuta ne na ɗan lokaci, tsakanin ɗaukewar wutar KEDCO da tashin janareta, ko lokacin da gajimare ya gifta. Wanda ya ce zai ɗauki aikin dare gaba ɗaya a kan batir, ya shirya biyan kuɗin da ya fi na farantan, kuma ya san zafin watan Afrilu na Kano ba ya raga wa batir. Hanyar da ta fi dacewa ita ce sola ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da janareta ko wutar gari, da na'urar da ke hana janareta faɗowa ƙasa da kamar kashi 30 na ƙarfinsa. Wannan ya sa ragin man ba zai kai daidai abin da ke rubuce a takarda ba. Ka tambayi mai sayarwa ko ya cire wannan a lissafinsa.

Sannan ga ƙura. Na taɓa hawa wani rufi a Dakata cikin hunturu, na tarar da farantan sun koma kalar ƙasa, na ja yatsa a kai ya bar layi kamar an yi rubutu a allo. Mai kamfanin yana ƙasa yana zagin wanda ya sayar masa, alhali tun saukar hazo ba wanda ya hau da ruwa. Duk mai sa sola a Kano ya sa albashin mai wanki da famfon ruwa a kan rufi cikin kasafinsa, kuma a duba ƙarfen rufin kafin a ɗora masa kaya, domin yawancin rumfunan Bompai sun girmi masu aiki a cikinsu.

Babban abin da sola ba za ta yi maka ba shi ne tururi. Tan ɗaya na tururi yana buƙatar zafin da ya kai wajen yunit 700 na wuta. Tukunya ƙarama mai ba da tan ɗaya a awa za ta haɗiye abin da ya ninka farantan can kilowat 250 kusan sau uku, da tsakar rana ma ke nan. Abin da rana za ta iya a nan shi ne ɗumama ruwa kai tsaye a cikin bututu kafin ya shiga tukunya, ko samar da ruwan ɗumi ga majema. Wannan yana da arha, kuma an raina shi.

Iskar gas kuwa tana shiga bakin nan biyu duka, janareta da tukunya, dare da rana. Wannan ne ƙarfinta. A tukunya tana ci fes, ba baƙin toka a bututu, ba dafa tanki kamar yadda ake yi wa baƙin mai kafin ya yarda ya gudana, maƙwabta kuma su huta da warin. Amma kada a ruɗe ka da kalmar "mai tsabta". A zafi iri ɗaya, inda dizal ya fitar da kilo 74 na kabon, baƙin mai ya fitar da 77, iskar gas tana fitar da 56. Ragin kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, ba wai an rabu da hayaƙi ba. Kuma ita kanta iskar, wato metan, in ta tsere ba ta ƙone ba, ɗumamar da take jawowa ta ninka ta kabon kusan sau 30 a tsawon shekara 100. Na buga lissafin: idan kashi 3 cikin 100 ya zurare tsakanin rijiya, mota, mahaɗar bututu da salansar injin da ba a saita ba, ribar nan ta kusan tafiya gaba ɗaya. An gudu ba a tsira ba. Inji da aka yi wa juyin gaggawa a bakin titi shi ya fi kowa wannan laifi.

Sai tambayar da kowa ke yi: ina iskar take? An ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a watan Yunin 2020, tsawon kilomita 614, kuma an sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. Ko ranar da iskar ta iso bakin gari, sai an ja ƙananan bututu zuwa ƙofar kowane kamfani, wannan kuma wani aikin ne daban. Kafin nan mota ce ke kawowa, ko dai a matse a cikin tukwane, ko a sanyaye har ta zama ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili, inda girmanta ke raguwa sau 600. Tafiya ce mai nisa daga kudu, kuma kowa ya san halin hanyar. Ranar da mota ta kwana a Lokoja, tukunyarka ta mutu da sabulu a ciki. Saboda haka wanda zai bi wannan hanya ya sayi kan wuta mai cin abu biyu, iskar gas da dizal, ya bar tankin dizal ɗinsa a inda yake. Shawarata ga mai sayen sabuwar tukunya ko sabon janareta yau ita ce ya zaɓi wanda zai karɓi iskar gas in ta zo. Amma ya zauna bai yi komai ba yana sauraron bututu, wannan jiran gawon shanu ne.

Buntun shinkafa ne ya fi ba ni sha'awa, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, ga injinan casa birjik daga Kura zuwa cikin gari. Wajen zafi, kilo 3 zuwa 4 na busasshen buntu na tsaya wa lita ɗaya ta dizal a tukunya. Kabon ɗin da yake fitarwa kuma shi ne wanda shinkafar ta zuƙa daga iska a daminar da ta wuce, ba wanda aka tono daga ƙarƙashin ƙasa ba, kuma da ma tulinsa ake bari ya ruɓe ko a cinna masa wuta a fili. Idan ragin hayaƙi ake nema a ɓangaren tururi, babu wanda ya kama ƙafarsa cikin ukun. Ɓawon gyaɗa ma yana shiga.

Wahalarsa a jiki take. Ba shi da nauyi amma yana cin wuri, mota guda cike ba ta daɗewa. Yana son rumfa mai rufi, don in damina ta jiƙa shi ba zai ci ba, in kuma ya bushe ƙarau tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka yake komawa, toka mai kaifi kamar yashi da ke cin bututun tukunya a hankali, kuma dole a san inda za a kai ta kullum. Ba a sa matatar ƙura a bututun hayaƙi ba, unguwar da ke bayan katanga za ta wayi gari da baƙin gari a kan shanya, ka rage wa duniya zafi ka ƙara wa maƙwabcinka tari. Farashinsa ma ba zai zauna yadda yake ba, domin manyan injinan shinkafa da kansu suna ƙona shi wajen turara shanshera, masu kaji na nema, kuma abin da ake roƙonka ka kwashe jiya, yau in an ga ka dogara da shi sai a sa masa kuɗi. Abin da nake tsoro shi ne ranar da buntu ya yanke. Na ga inda aka koma cusa itace, har da tsofaffin tayoyi, don kada aiki ya tsaya. Tukunyar da ke cin itacen dajin Falgore ta fi ta dizal ɓarna. Kada ka saya sai kana da yarjejeniya a rubuce da injin casa fiye da ɗaya, da wurin ajiyar abin da zai kai ka aƙalla wata guda.

Wutar gari fa? Mutane na mantawa da ita a wannan lissafi saboda haushi. Tun da aka kai kuɗin rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, masu kamfani ke kuka, kuma suna da gaskiya. Duk da haka, in dizal ya haura naira dubu a lita, yunit ɗaya na janareta ya kai wajen naira 300 ko fiye a mai kaɗai, ban da gyara. Wutar ƙasa kuma daga iskar gas da madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro take zuwa, hayaƙinta wajen rabin na janareta ne. Duk awar da ta zo da ƙarfinta, ita ce ta fi.

Ga yadda nake raba su. Mai roba, mai fenti, mai haɗa taki, duk wanda kuɗinsa ke tafiya a juya moto: sola daidai da abin da yake ja da rana, ba tare da tulin batir ba, sannan ya matso da ayyuka masu jan wuta, irin su niƙa tsohuwar roba, zuwa tsakar rana. Mai sabulu, majemi, mai rini, wanda tukunya ce ke cinye shi: buntu in yana da fili da tabbacin samu, iskar gas in yana cikin matsatsi ko kusa da gidajen mutane. Mai aiki awa 24 da nauyi mai yawa, shi ne iskar gas ta fi yi wa rana, sola ta biyo baya a matsayin ƙari.

Akwai kuma hayaƙin da ba ya fita ta bututunka amma da kuɗinka aka yi shi. Kowane kilo na sabon ƙwayar roba da ka saya ya riga ya fitar da kabon da ya kusan ninka nauyinsa biyu a inda aka yi shi. Mai yin bokiti da kujera da ya ƙara yawan tsohuwar robar da 'yan jari-bola ke kawowa, ya wanke ta da kyau, mai yiwuwa ragin da ya yi ya fi na rufi cike da faranti. Kayan abinci da na magani ne kawai ba a yi musu wannan.

Shi Alhaji, da muka zauna da littafin sitonsa, sai ga shi man da tukunya ke sha ya fi na janareta nesa ba kusa ba. Takardar sola ta koma cikin durowa, ba don ba ta da kyau ba. An naɗe bututun, an canza bawul ɗin da ke huci, an ja layin da ke maido da ruwan zafi, an kuma sa mita a bakin tankin mai, abin da bai yi wa wasu a kamfanin daɗi ba. Filin bayan sito ya isa rumfar buntu, don haka can ya karkata. Na ce kada ya biya kuɗin tukunya sai ya ga sa hannun masu casa biyu. Ya samu ɗaya a Kura. Na biyun ya ce a bari sai bayan girbi a yi maganar farashi.